Wanda Ya Dafa Ƙwan Hajiya

Wari ne ya fara kai labari. Tun daga bakin get Inna mai haska ƙwai ta jiyo shi, ta yar da jakarta ta sheƙa a guje, abin da rabonta da yi tun tana budurwa. Da ta buɗe ƙofar babban injin ƙyanƙyasa, hucin da ya mare ta a fuska ya isa gasa burodi. Ƙwai ne jere a tire, hawa-hawa har sama, duk sun dahu da 'yan tsakin da ke cikinsu, saura ƙiris su fito duniya. A goshin injin kuwa koriyar fitila tana ci abinta, wato komai lafiya lau. Jiniyar da ke tada matattu in zafi ya ɗan goce ko tari ba ta yi ba.

Kuma ba ƙwai ne irin na kowa ba. Marigayi mijin Hajiya mai wannan gonar kaji ya ƙarar da rayuwarsa yana haɗa wannan kaza da wancan zakara har ya fitar da irinsa, jajaye masu farin tabo a wuya tun suna tsaki. Cuta ta share iyayen a watan da ya wuce. Abin da ya rage na irin a duniya shi ne ke cikin injin nan.

Kafin rana ta take ma'aikata sun yi shari'a sun yanke hukunci. Injiniya ce. Ita ta rubuta wa injin umarnin da yake bi, ita ce kuma aka ce wata gonar kaji tana zawarcinta. Wani ya ce daga gida ma tana iya kashe ƙwai da wayarta, kamar mai jifa. Manaja, ƙanen marigayi, ya karɓe wayar, ya sa aka zaunar da ita a ɗakin ajiyar abincin kaji.

Hajiya dai ta ce a kira mata Sunkuye.

Tafiyarsa ce ta jawo masa sunan: kai a ƙasa kullum, kamar wanda ya yar da allura. Ya bi sawun akuya, ya bi sawun babur, ya taɓa bin sawun janaretan Hajiya har ƙarƙashin gadon wani mai faci. Ƙa'idarsa ɗaya ce. Ba ya yarda da sawu sai ya sa an taka masa sabo kusa da shi ya gani da idonsa.

Da ya shiga ɗakin injin sai ya yi tsaki. An wanke ƙasan tas da maganin kashe ƙwayoyin cuta, har tana ƙyalli.

"Wane mai tsafta ne ya yi min wannan aika-aikar?"

"Doka ce, Malam Sunkuye," in ji Manaja, yana gyara zaman hularsa. "Ni ma dai ban ga abin bincike ba. Ga mai laifi can a zaune. Matar Yaya ce kawai da tausayi."

"Ba tausayi ba ne," Hajiya ta ce. Idanunta sun kumbura, amma muryarta ba ta rawa. "Shaida nake so. Ka samo min ita, in miƙa yarinyar ga 'yan sanda zuciyata a wanke."

An zare wayar hita, amma an bar ƙwaƙwalwar injin a kunne. Sunkuye ya ɗaga kai, abin da ba kasafai yake yi ba, ya dubi ɗan allon da ke nuna zafi. Inda ya kamata a ga lamba, haruffa uku ne ƙanana: nan.

Direban gonar, wanda ake kira Ba-Burki, ya leƙo ta kafaɗarsa. "Ka gani ko, Baba? An tambaye shi ina zafi, ya ce nan. Ai bai yi ƙarya ba."

Ba wanda ya yi dariya. Sunkuye kuwa ya kasa ɗauke ido. Shekara da shekaru yana bin sawu, bai taɓa ganin dabbar da ta taka wannan ba.

Ya tarar da Injiniya a kan buhun dusa, ta haɗa kai da gwiwa. Ba ta wuce sa'ar 'yarsa ta fari ba.

"'Yata, ban zo da igiya ba. Mece ce wannan aba da ke kan allo?"

Ta share hanci da bakin mayafi. "Ba kalmarmu ba ce, Baba. Taƙaitaccen Turanci ne, ma'anarsa ba lamba ba ce. In ka ba na'ura lissafin da ba shi da amsa, ba ta cewa ban sani ba. Sai ta miƙo maka wannan ta ci gaba da aikinta."

"Kamar ka aiki yaro sayen gishiri ya dawo maka da leda a ƙulle, ba komai ciki."

"Ya fi haka sharri. Wannan ledar in ta taɓa miya, miyar ma ta zama ba komai. Ka tara shi da biyar, ba lamba. Ka ninka shi, ba lamba. Ka tambaye shi, ka fi talatin da takwas? A'a. Ka gaza ta? A'a. To daidai kuke? A'a. Ko kansa ka nuna masa ka ce kai ne wannan, cewa zai yi a'a."

Sunkuye ya tuntsire da dariya har ya dafa bango. "Wallahi na taɓa kama ɓarawo irin wannan."

Ta yi ɗan murmushi, ya gudu nan take. "Na ce wa hita, in zafi ya wuce iyaka ki mutu. Ta tambaya, ya wuce? Aka ce a'a. Ta yi ta ci. Jiniya ta tambaya, ya yi yawa? A'a. Ya yi kaɗan? A'a. Ta yi shiru. Ranar hutu guda, ba kowa sai mai gadi, shi kuwa koriyar fitila kawai ya sani."

"Daga ina yake fitowa?"

"Ma'aunan zafi uku ne a ciki. Na'ura tana tara abin da suka faɗa, ta raba da yawan waɗanda ke aiki. In duka ukun suka ɗauke, ko na ƙiftawar ido ne, sifili za ta raba da sifili. Haihuwarsa ke nan. Kuma tana cuɗa sabon awo da na baya, don kada ta riƙa firgita da kowace 'yar iska. Saboda haka in ya shiga sau ɗaya ya samu gida, sai an kashe an kunna." Ta sunkuyar da kai. "Na san ramin yana nan, Baba. Na ce zan cike shi in wannan zubin ya fita. Ban yi da gangan ba, amma hannuna ne."

"Kin ga lokacin da ma'aunan suka ɗauke?"

"A'a. Amma ta ina kuma zai shigo?"

Sunkuye ya dube ta da kyau. A saninsa, mai laifi yakan nuna maka hanya goma da ba tasa ba. Wannan ita ce ta farko da ta ja shi da hannu zuwa ƙofar gidanta.

In ma'aunai sun ɗauke, to maganar waya ce, waya kuwa ta mai lantarki ce. Shokin ake ce masa, tun ranar da wuta ta wurga shi daga kan tsani ya tashi yana tambayar ina takalminsa. Sunkuye ya je ya tambaye shi ko ya bar wata waya a sake.

"Ni? Baba, zo ka ja da kanka. In ta motsa ka kai ni duk inda za ka kai ni."

Suka zagaya bayan injin. Sunkuye bai ja komai ba. Ya durƙusa ya haska tocila. Gizo-gizo ya yi saƙarsa daga kan wayoyin uku zuwa bango, tsohuwar saƙa, har ƙura ta hau ta, ko zare ɗaya bai tsinke ba.

"Wannan ya fi ka iya rantsuwa," in ji Sunkuye. "Ba wanda ya taɓa nan."

"Na gaya maka!"

"Ka gaya min. To me ya sa tun da muka shigo kake kauce wa kallon allon can, kamar surukarka ce a tsaye?"

Shokin ya ce ana kiransa a ɗakin janareta. Ba wanda ya kira shi.

A bayan gona an haƙa rami, Inna tana tsaye tana kallon ana juye tire tana salati. Sunkuye ya tsuguna ya ɗauki ƙwai ɗaya ya fasa, don kawai bai taɓa ganin cikin irinsa ba. Ga ɗan tsako a dunƙule, da bakinsa da faratansa. Ya ajiye shi a hankali. Ya miƙa hannu wani tiren ya fasa. Gwaiduwa ce zalla, ta dahu tsaf, sai gishiri. Ya fasa na kusa da shi. Haka. Ya fasa biyar a jere.

"Inna, ƙwai marar ɗa yana kaiwa wannan lokaci a cikin inji?"

Ta karɓa ta juya shi a hannu, ta shinshina ɓawon. "A hannun wata dai, ba a hannuna ba. Jajibirin hutu da safe na yi hasken ƙarshe, ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ba motsi na fitar. Wannan ma wankakke ne. Wa ke wanke ƙwan ƙyanƙyasa? Ƙwan kasuwa ne, na soyawa!"

Suka bi tiren da ba a juye ba. Na sama da na ƙasa duk da 'ya'ya. Na tsakiya, inda hannu ke kaiwa ba tsani ba durƙuso, duk na kasuwa ne. Kuma an jera su yadda ake jerawa, faffaɗan kai sama, tsinin ƙasa. Wanda ya yi ya san aiki.

"Da an yi ƙyanƙyasa lafiya," Inna ta ce a hankali, "da cewa za a yi tsohuwa ta makance, ta bar baragurbi."

"Haka za a ce. Ki riƙe bakinki, Inna, ko da ya yi miki ƙaiƙayi."

Ya koma yana lissafi da ƙafa. Wanda zai sauya tire da yawa haka sai ya bar ƙofa a buɗe har sanyi ya shiga, sanyi kuwa yana tada jiniya, lambar sirrin kashe jiniya kuma Hajiya kaɗai ta sani. Ashe shirun nan ya yi wa wani rana. A ce waya ta ɗauke da kanta daidai ranar da ɓarawo ke buƙatar shiru? Irin wannan sa'a ko a tatsuniya sai Gizo.

A ɗaki na gaba akwai ƙaramin inji, ɗan'uwan babban, ƙwaƙwalwarsu iri ɗaya, ba komai a cikinsa. Sunkuye ya sa aka kawo Injiniya da kwamfutarta.

"Ki haifa min shi a nan in gani."

"Baba, ai shi ne dai. Duk ɗaya ne."

"Akuya ma duk ɗaya ce a wurin mai cin nama. Hanya nawa ake haihuwarsa?"

Ta ɗan yi tunani. Ya ga kafaɗunta sun saki, kamar an mayar da kifi ruwa. "Waɗanda na sani huɗu. Ka raba sifili da sifili. Ko ka nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba ka ƙasa da sifili, babu ita. Ko ka ɗebe marar iyaka daga marar iyaka. Ko kuma kawai ka kira sunansa, harshen na'urar ya san shi, yana lissafa shi cikin lambobi masu ɗigo."

"Sa su taka min ɗaya bayan ɗaya."

Ta jona waya ta rubuta gajerun layuka. Ta danna na farko. Allon ƙaramin injin ya nuna haruffan nan uku, da ɗan zanen ragewa a gabansu. Na biyu, da zane. Na uku, da zane. Sunkuye yana kallo baki buɗe, kamar yaro a gaban mai dabo. Ta danna na huɗu.

Ba zane.

Ita ta fara gani. Ta miƙe tsaye, kujerar ta kife, ta ruga ɗakin babban inji. Sunkuye ya biyo ta yana ɗingishi. Ta sa yatsa a kan allon, daidai wurin da ba komai.

"Ba shi da zane! Baba, ba shi da zane!" Numfashinta yana sama. "A wata na'urar ba lalle ba ne, amma irin wannan, duk wanda lissafi ya haifa tana buga masa alamar ragewa, kuma ko ya ratsa lissafi dubu yana tafe da abarsa. Wannan ba lissafi ya haife shi ba. Rubuta shi aka yi."

"Da wayarki, daga gida, kamar mai jifa?"

"Injin nan ba ya jone da komai sai wutar lantarki. Sai dai a tsaya a gabansa." Ta dubi madannan da ke ƙarƙashin allon. "Gurbi ɗaya ne kowa ke iya taɓawa, na gyaran awo, inda ake sa 'yar lamba in ma'auni yana ƙari ko ragi. Amma ba ya karɓar haruffa."

"Kin gwada?"

Suka koma ƙaramin. Ta rubuta kaza, ya ƙi. Ta rubuta zakara, ya ƙi. Ta rubuta haruffan uku. Ya haɗiye ba ko tari, koriyar fitila tana murmushi.

Ta dafe kai. "Ni da na rubuta abin ban san wannan ƙofar ba. Wa ya sani?"

Shokin ya sani. Da Sunkuye ya ritsa shi a ɗakin janareta, bai daɗe yana zille-zille ba.

"Wata rana ne ana wankin inji, na zare ma'aunan duka, sai na ga abin ya fito a allo, jiniya ta yi tsit. Na ce to, ashe wannan ne maganinta. Na gwada rubuta shi a gurbin nan, ya ci. Baba, ka taɓa wanke inji jiniya tana kuka a kunnenka? Hajiya kuwa ba ta ba da lambarta ko ga ɗan cikinta. Shi ke nan ya zama al'ada. Ranar wanki mu rubuta, mu wanke, mu mayar da lamba, mu kashe inji ya bushe, washegari a kunna. Bai taɓa ba mu matsala ba."

"Ku wa?"

"Ni, da Inna, da Manaja, don shi ke tsayawa a kanmu. Amma na rantse ban taɓa yi da ƙwai a ciki ba. Tsoro na ji da na gan shi a allo, na ce za a ce ni ne."

Mutum uku ke nan. Sunkuye ya fita inuwa ya sami Ba-Burki yana wanke motar gona, ya zauna kusa da shi kamar mai hutawa.

"Kai ne ka fita da ita jajibirin hutu?"

"Ina! Manaja ya karɓe makulli da la'asar, wai zai kai wa surukarsa barguna. Barguna, Baba! Na gan shi a mararraba ina shan shayi, yana tafe kamar kunkuru mai ciwon ƙafa. Ya zo kan tudun rage gudu sai da ya tsaya cak, ya hau shi kamar mai hawa gadon asibiti. Mai keke ya wuce shi yana masa ƙararrawa. Na ce wannan bargo ko na gilashi ne."

Sunkuye ya watsa ruwan bokiti a kan yashi. "Ja ta baya kaɗan."

Tayar baya ta hagu ta bar sawu da wani ɗan yanka a gefe, kamar haƙorin da ya guntule. Ya daɗe yana kallonsa.

Gidan surukar yana ƙarshen wani layi marar kwalta. A gefen get, inda ƙafa ba ta bi, ga guntulallen haƙorin nan a kwance cikin busasshen laka. Daga bayan katanga ƙaramin janareta yana ta gunaguni da rana tsaka, alhali ga wuta a unguwa, fankar mai shago tana juyawa. Mutum ba ya ƙona mai haka sai in akwai abin da yake tsoron ya huce ko na minti ɗaya.

Sunkuye ya ɗaga hannu zai buga get ɗin, ya sauke. Ƙwan da ya kusa fashewa ba ya son girgiza. In ɓarawo ya ji motsi zai kwashe su a guje, a yi biyu babu.

Wurin Injiniya ya fara zuwa, ba wurin Hajiya ba.

"'Yata, ina iya wanke ki yau. Amma in na yi, mai yiwuwa sauran irin marigayi ya mutu a bayan mota. In kika jure zagi har ranar da ya kamata su fito, ɓarawo zai gama mana renon da kansa. Sunanki ne, ba nawa ba. Ke za ki zaɓa."

Ta murza bakin mayafi. A waje wata mai shara tana cewa da ganin idon yarinyar nan ka san ba ta da imani.

"Suna da rai, Baba? Ka tabbata?"

"Janareta dai yana ci."

"To a bar su su fito."

Hajiya ta yarda da jinkirin da ƙyar. Ta bar yarinyar ta riƙa kwana a gida, bisa sharaɗin in ta gudu Sunkuye ne zai nemo ta.

Ranar ƙyanƙyasa da azahar aka taru a ɗakin ƙaramin inji: Hajiya a kan kujera, Inna, Shokin yana zufa, Ba-Burki a bakin ƙofa, Injiniya a gaban madannai. Manaja ne ya zo a ƙarshe, yana ba da haƙuri, wai cunkoso ne a hanya.

Sunkuye bai yi dogon jawabi ba. Ya sa Injiniya ta sake haifar abin ta hanyoyi huɗu, kowa ya ga masu zane uku da marar zane ɗaya, aka leƙa babban inji aka ga wanne ne. Shokin ya faɗi al'adar ranar wanki, kansa a ƙasa. Hajiya ta yi masa kallon da ya fi wutar da ta taɓa wurga shi.

"To ai ga shi nan," in ji Manaja. "In ba ita ba ce, shi ne. Dama na ce yaron nan..."

"Saura kaɗan, ranka ya daɗe. 'Yata, rubuta shi a gurbin. Yawwa. Yanzu goge, ki mayar da lambar da ke wurin, kamar yadda mai hankali zai yi in ya gama abin da ya kawo shi."

Ta mayar. Kowa ya dubi allon, ban da Sunkuye, wanda ke kallon fuskoki. Haruffan uku suna nan daram. Fitila koriya. Hita ta kama, ana jin hucinta yana tashi.

Inna ta ce, "Ikon Allah." Shokin ya ce, "Kai! Ashe kashewar da muke yi ce ke korarsa?" Manaja ya ƙura wa allon ido. Leɓensa ne kawai ya motsa, kamar mutumin da ya kwana uku yana tambayar kansa abu ɗaya, yau aka ba shi amsa.

"Wanda ya yi wannan bai zo kisa ba," in ji Sunkuye. "Sata ya zo. Ya sa jiniya barci, ya kwashe tiren tsakiya, ya cike gurbinsu da ƙwan kasuwa, ya mayar da lamba, ya rufe ƙofa ya tafi yana ganin ya share sawunsa. Bai san abin da ya kira ba ya tafiya don an ce ya tafi."

Inna ta zube ƙwan kasuwar a kan tebur. Hajiya ta miƙe a hankali.

"Wa?"

"Hajiya, yau a gonar nan akwai ɗan tsako ko ɗaya?"

"Ka san babu."

Sunkuye ya taka zuwa gaban Manaja, ya sunkuya kamar zai gaishe shi, ya sa yatsu biyu ya tsinto wani abu daga bakin hannun rigarsa. Ya tsinto wani a kan takalminsa. Ya ɗaga su a hasken taga. Gashi ne mai laushi, ja-ja, wanda ko numfashi yana iya ɗauke shi.

Inna ta karɓa. Ta kai shi kusa da idonta. "Na yau ne. Ko bushewa bai gama yi ba."

"Cunkoso ne a hanya," Ba-Burki ya ce daga bakin ƙofa. "Lalle kam. Barguna sun fashe."

Tun daga bakin get ɗin surukar suka jiyo su, tsiyau-tsiyau kamar ana zuba tsakuwa a kwano. A ɗakin baya ga wani tsohon inji na haya, ga kwalaye an shimfiɗa musu garin katako, ga su nan suna turereniya a ƙarƙashin fitila, jajaye, kowanne da farin tabonsa a wuya. Tsohuwar gidan sai rantsuwa take, ita an ce mata na abokinsa ne.

Manaja ya tsaya a jikin bango. "Yaya, ni ma jininsa ne. Irin nan da ni aka..."

"Kada ka kira ni Yaya a ɗakin nan."

Ba-Burki ya sosa ƙeya. "Amma fa Hajiya, in an duba, ba don ya sata ba da ko ɗaya..."

"Ba don ya taɓa ba, da injina cike yake," ta ce, ba ta ko juyo ba. "Kira min 'yan sandan da na sa suka yi ta jira. Ka ce musu an samu sauyin suna."

Ta durƙusa, da gwiwoyinta masu ciwo, ta ɗauki ɗaya. Ta daɗe tana shafa farin tabon da babban yatsa. Sannan ta miƙa hannu ga Manaja ba tare da ta dube shi ba, ya gane, ya zaro wayar Injiniya daga aljihu ya sa mata.

Ta je gaban yarinyar. Ta sa mata wayar a hannun hagu, ɗan tsakon a hannun dama.

"Na zaunar da ke a kan buhu kamar ɓarauniya. Ki yafe min. Ki kai min su gida, ki sa su inda zafi yake daidai."

Injiniya ta dubi abin da ke motsi a tafin hannunta. "Hajiya, akwai rami biyu a aikina. Ɗaya na sani, ɗaya a wannan makon na gani. Sai na cike su tukuna."

"Ki cike. Ina tsaye."

Aka shiga kwasar kwalaye. Ba-Burki ya rantse zai yi tuƙin da ko Manaja sai ya wuce shi. Sunkuye ya bari kowa ya fita, ya tsuguna a inda aka ɗauke kwalin ƙarshe. Wani ɗan tsako ya taka garin katakon da ya zube kafin a kama shi, ya bar sawu: yatsu uku gaba, ɗaya baya, ƙanana kamar an zana da tsinke.

Ya daɗe yana kallo. Wannan dai ya san dabbar da ta taka shi.